Malama Da'ira

Duk wanda ya yi karatu a sakandaren nan ta bayan tashar mota cikin shekara ashirin da bakwai da suka wuce, in ka ce masa "Malama Da'ira", kafin ya amsa maka za ka ga hannunsa ya tashi ya zagaya a iska. Sunanta na gaskiya ya daɗe da komawa cikin takardun ofis. Ita ce mai koyar da ilimin halittu, kuma laƙabin ya samo asali ne daga abu guda da ta iya wanda ya gagari kowa. Za ta ɗauki alli, ta tsaya a karkace jikin allo, ta wulwula hannu sau ɗaya tak, sai ga da'ira ta fito cif, inda ta faro da inda ta ƙare sun haɗu ba ko alamar mahaɗi. Malamin lissafi ya taɓa zuwa da ƙaton kamfas ɗinsa na katako zai auna ta a gaban yara don ya ba ta kunya, shi ya kwashi kunyar ya fita.

In ta gama sai ta sake bin layin ta kaurara shi, ta sa ɗigo a tsakiya, sannan ta juyo tana kakkaɓe hannu.

"Ga ta nan. Ƙwayar halittar dabba. Da ni, da ku, da kyanwar gidanku, duk da irinta aka gina mu."

Daga nan take ɗorawa. Ƙwayoyi iri ɗaya su taru su zama nama, nama iri-iri ya haɗu ya zama gaɓa, kamar zuciya ko huhu ko hanta, gaɓoɓin kuma su haɗa kai su zama tsari, wannan na numfashi, wancan na narkar da abinci, wancan na kai jini lungu-lungu. Zango guda take yi tana hawa wannan tsani da yara, amma ƙafar tsanin kullum da'irar ce. Har wani shugaban makaranta da aka taɓa yi ya kira mai fenti ya kwafe ta a bangon da ke kallon titi, tsayin mutum, da baƙin fenti mai kauri, don masu wucewa su san ana karatu a ciki.

Ba mace ce mai sauƙi ba, gara a faɗa tun yanzu. Gajeriya ce, da tabarau mai kauri, gefen mayafinta kullum fari fat da garin alli. Ba ta duka, don ba ta bukata, harshenta kaɗai ya ishi yaro kuka. Za ta yafe maka latti, ta yafe maka barci a aji, amma ka kuskura ka gyaɗa mata kai alhali ba ka gane ba, ranar sai ka gwammace ba ka zo ba. "Kada ka ce min ka gani in ba ka gani ba," ita ce maganarta, har yara sun mai da ita waƙa a bayan idonta.

Ita kuwa ta gani, da idonta, sau ɗaya a rayuwa. Tana kwalejin horar da malamai ne lokacin, su casa'in a ɗaki, madubin ƙara girma guda ɗaya, wanda ake ce wa maikiroskof, a kan teburi kusa da taga. Malaminsu yana zaune a gefe da jarida, yana buga rula a teburi, kowa bugu biyar ne rabonsa. Da layi ya zo kanta ta kafa ido. Da farko haske kawai, can sai ga ta: da'ira cikakkiya, bakinta baƙi mai kauri, tsakiyarta tana sheƙi. Tsikar jikinta ta tashi.

"Kin gani?" in ji malamin, ko ɗago kai bai yi ba.

"Na gani, Malam. Da'ira ce mai baƙin baki."

"To wuce. Na gaba."

A kan wannan bugu biyar ɗin ta rayu. Mako guda ta yi tana zana abin da ta gani a bayan littafi, a ƙasa, a jikin ƙofa, har hannunta ya haddace. Kuma tun ranar da ta fara koyarwa ta ci alwashin ɗalibanta ba za su tsaya a allo ba, sai sun ga abin da ta gani.

Abin takaicin da ya hana ta sakat shi ne madubin yana nan a makarantar. Ba ɗaya ba ma, goma. Shekara goma sha huɗu ke nan da wata ƙungiya ta kawo su, kowanne a akwatinsa na katako. Aka jera kujeru, aka sha jawabai, aka miƙa mata ɗaya ta riƙe aka ɗauki hoto, aka karɓe. Daga nan aka shirya su a kabad ɗin ƙarfe, a ɗakin da aka rubuta wa "Ɗakin Gwaje-gwaje" a ƙofa, wanda ba abin da ake gwadawa a ciki sai yawan karyayyun kujerun da zai iya ci. Aka datse da kwaɗo.

Shugabanni huɗu ta yi wa zarya a kan makullin nan. Na farko ya ce a bari a kawo tebura. Na biyu ya ce sai takarda ta zo daga sama. Na uku, wanda ya sa aka yi fentin bangon nan, ya ce yaran nan ko cokali ka ba su sai sun karya. Na huɗu shi ya fi ƙona mata rai, domin ɗalibinta ne. Ita ta koya masa inda hantarsa take, yana ɗan siriri mai hanci kullum a jiƙe, yau ga shi da tumbi da zoben makullai a ƙugu, yana ce mata, "Malama, a yi haƙuri. In masu duba makarantu suka zo suka tarar ɗaya ya fashe, wa za a tuhuma?"

To sai takardar ritaya ta zo. Saura mako huɗu ta ajiye alli. Ta karanta a tsaye a ɗakin malamai, ta ninke, ta duba jadawali. Aji ɗaya ya rage mata da bai kai babin ƙwaya ba, yara sittin da huɗu. In waɗannan ma ba su gani ba, shi ke nan, ta ƙare aikinta tana ba da labarin abin da ke kulle taku talatin daga allonta.

Washegari ba ta yi rigima ba. Ta kwashi littattafan da za ta duba, ta shiga ofishin shugaba, ta zauna a kujerar baƙi, ta buɗe jan biro.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Makulli nake jira."

"Ai mun yi wannan maganar."

"Mun yi. Ci gaba da aikinka, ba zan dame ka ba."

In an buga ƙararrawa ta tafi aji, in ta fito ta dawo kujerar. Iyayen yara suka zo da ƙorafi, suka faɗa a tsaye, tana gefe tana sa baki. Matarsa ta kira shi a waya, ya dinga amsawa da "to, to" kamar mai ciwon haƙori. Abincinsa ya huce a cikin durowa don ba zai iya ci a gaban malamarsa ba. Kwana uku yana yi mata kunnen uwar shegu, rana ta huɗu ya zare makullin daga zoben.

"Kwana ɗaya, Malama. Don girman Allah kwana ɗaya. Kuma tare za mu buɗe."

Da ƙyar kwaɗon ya buɗu, sai da aka ɗiga masa mai. Wani wari ya buso kamar na rigar da aka manta a bokiti. Ta ɗauko akwati na farko, ta fito da madubin, ta kai bakin taga ta leƙa. Ba ta ga komai ba sai hazo. Ta goge tabarau ta sake leƙawa. Ta ɗauko na biyu, na uku. Ashe rufin ɗakin ya daɗe yana yoyo daidai bayan kabad ɗin. Damina goma sha huɗu laima tana shiga ba ta fita, hunhuna ta yi saƙa a cikin gilasan kamar yanar gizo, duka goman.

Ta juyo ta kalle shi. Ta nuna masa akwatunan.

"Ga su nan, ranka ya daɗe. Ba yaron da ya fasa ko ɗaya. Kun kyauta. Kun adana su har sun mutu a hannunku."

"Malama, rage murya. Mu mai da su yadda suke, ai ba wanda ya..."

"Mu mai da me? Wallahi ka sake rufe kabad ɗin nan, ranar da masu dubawa za su zo ni zan tare su a bakin ƙofa in kawo su nan da kaina. Shekara goma sha huɗu akwatuna suke kallo su wuce, wannan karon sai sun leƙa ciki. Ko ka bar ni in kai a gyara, ko ka fara shirya abin da za ka faɗa musu."

Ya bar ta. Ta tsayar da motar haya, ta loda su, sai rumfar mijinta.

Mijin nata mai gyaran agogo ne, rumfarsa ba ta fi kabad ɗin girma ba, a ƙarƙashin matakalar wani kanti. Mutum ne da ko gini zai faɗo masa sai ya gama ɗaure sukurun da ke hannunsa tukuna. Shekara talatin ke nan tana tafasa yana firfitawa. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya kwance madubi ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Malama, waɗannan ai sun riga ki yin ritaya."

"Gyarawa za ka yi ko ba'a?"

"Duka biyun, in kin ba ni lokaci."

Mako biyu ya ɗauka. Hunhunar ta ci wasu gilasan har ta bar tabon da ba ya goguwa. Ya ciri ido daga wannan, ƙafa daga wancan, ɗan madubin haske daga wani, a cikin goma ya tayar da ɗaya. Ya gwada shi da gashin gemunsa, ya ce ya fito kamar igiyar shanya.

Babbar 'yarsu tana aikin gwajin jini a wani asibiti, ita ma ta bi ta ajin uwarta. Ita ta kawo siraran gilasan da ake ɗora abu a kai, da 'yan murafansu marasa kauri kamar ɓawon albasa, da 'yar kwalbar rini shuɗi wanda ke kama ƙwaya ya fito da ita fili. Ta ajiye a teburi, tana wasa da hannun jakarta.

"Umma, in za ki ɗora murfin, ki kwantar da shi ta gefe a hankali. Kuma da kin fara dubawa ke kaɗai kafin yara."

"Ji min yarinya! Tun kina goye nake rubuta wa yara 'a kula kada iska ta shiga ƙarƙashin murfi'. Yau ke za ki koya min aikina?"

'Yar ta buɗe baki, ta rufe. "Allah ya ba da sa'a, Umma."

Gaskiyar magana, layin nan daga littafi ta kwafo shi. Ta rubuta shi a allo ya fi sau ɗari, amma ba ta taɓa riƙe murfin a hannunta ba.

Ranar Talata, saura mata kwana tara, ta shigo aji rungume da madubin. Ba a taɓa jin ajin nan ya yi tsit haka ba. Ta ja teburi bakin taga, ta ɗauki tsinken sakace sabo, ta kankaro cikin kumatunta a gabansu, 'yan matan gaba suna yamutsa fuska. Ta shafa a gilashi, ta ɗiga rini, ta saki murfin a kai daga sama, ta saka a madubi. Ta cire tabarau, ta sunkuya tana murɗa ɗan abin daidaita gani da mijinta ya nuna mata. Hazo, hazo, sai ga ta. Da'ira cikakkiya, baki mai kauri, tsakiya tana sheƙi, kuma ba ɗaya ba, har uku. Bayan shekara talatin! Hawaye ya cika mata ido, ta yi kamar wani abu ne ya faɗa mata.

"Layi-layi. Ba gaggawa, ba wanda zai buga muku rula. Kowa ya gani ya koma ya zana abin da ya gani."

Suka dinga zuwa. "Na gan ta, Malama!" "Wallahi irin ta allo ce sak!" Wani ya shafa kumatunsa ya ce ashe da kaya yake yawo bai sani ba. Da'irori suka cika littattafai.

Can kusa da ƙarshen layi akwai wata doguwar yarinya da ake kira Gardama, don ko ce mata ka yi yau Talata sai ta nemi kalanda. Malama ba ta ƙaunar ganin hannunta a sama. Yarinyar ta sunkuya a kan madubin, ta ƙi tashi.

"Ke, akwai mutane a bayanki."

"Malama, wacce ce ƙwayar a ciki?"

Aji ya kwashe da dariya.

"Mutum kusan sittin sun gani, ke ce makauniya? Da'irar mana!"

"Na ga da'irar, Malama. Amma kin ce rinin ƙwaya yake kamawa, ita kuma ba ta yi shuɗi ba. Abin da ya yi shuɗi wasu 'yan yage-yage ne a gefe, kamar ledar da aka tattaka, kowanne da ɗigo mai duhu a ciki. Kuma da na ɗan danna murfin da gindin biro sai da'irar ta gudu. Su suna nan."

"Kika danna? Wa ya ce ki taɓa? Mako biyu aka yi ana gyaran abin nan, ke da hannunki mai ƙaiƙayi..."

Ta ture ta gefe ta sunkuya, zuciya na tafasa, tana shirin ganin ɓarnar da aka yi mata. Da'ira biyu suka rage. Ta ukun ta koma can bakin fili ta zama rabi. A kewayensu kuwa, inda idonta ya tsallake ɗazu don ba su take nema ba, ga 'yan yage-yagen nan shuɗi-shuɗi, wani mai kusurwa biyar, wani a naɗe, wani ya hau kan ɗan'uwansa, ba biyun da suka yi kama. Kowanne da cibiyarsa a ciki, ƙarama, mai duhu. Ta karɓi biron yarinyar ta danna da kanta. Da'irorin biyu suka silala, suka haɗe, suka zama ɗaya babba.

Ta ajiye biron. Ta ɗauko sabon gilashi, ba ta kai shi ko kusa da bakinta ba, ta ɗiga masa ruwan gorarta zalla, ta saki murfi, ta leƙa. Ga su nan har biyar, cif-cif, masu baƙin baki, suna sheƙi. Ba ƙwaya ko ɗaya a wannan gilashin, ruwa ne kawai da iska. Kumfa ce, irin wadda ke maƙalewa a ƙarƙashin murfi in an sake shi daga sama.

Ta miƙe. Wanda ya fara faɗo mata a rai shi ne mutumin nan mai jarida, da ta gaya wa abin da ta gani ƙarara da bakinta, ya ce ta wuce. Da ya ɗago kai sau ɗaya! Da ya ce sake dubawa! Ya mutu ko yana raye ba ta sani ba, amma a wannan minti da an kawo mata shi, da rular nan za ta karya masa a ka. Sannan masu makulli su huɗu, da suka zauna a kan amsar shekara goma sha huɗu. Sannan wanda ya fi ci mata rai, ita kanta, da ta sa 'ya'yan mutane kuka a kan kada su ce sun gani in ba su gani ba.

Ana cikin haka aka buga ƙararrawa, sai ga shugaba a bakin ƙofa ya zo karɓar kayansa. Ya leƙa littafin yaron da ke gaba, fuskarsa ta washe.

"Ma sha Allah! Irin wadda kika koya mana sak. Malama, a tattaro min masu kyau guda goma a liƙa a allon sanarwa."

"Iska ce."

"Na'am?"

"Na ce iska ce. Abin da suka zana, da abin da na koya maka, da ƙaton abin da ke bangon titi, duk kumfar iska ce. Ƙwayar ga ta can a gefe, ba su yi kama ba ko kaɗan."

Ya matso kusa, ya sassauta murya. "Malama, don Allah. Kwana tara ya rage miki. Jarrabawa ta ƙarato, kuma da'irar nan ba ta taɓa kayar da yaro ba, ana ba ta maki. Ki bar yaran nan da abin da suka sani, ki fita da mutuncinki. Wa zai sani?"

Nan ne ta fashe. Malaman ajujuwan kusa sun ce har ƙarshen baranda an ji.

"Wa zai sani? Ni na sani! Yarinyar can ta sani! Kai a kan 'wa zai sani' ka gina rayuwarka, shi ya sa ka fi son akwati a rufe ko da ruɓaɓɓen abu ne a ciki. Kuma laifina ne, ni na rene ka, na ba ka maki a kan iska. Ka taɓa madubin nan ka gani. Ba inda za shi sai kowane yaro a ɗakin nan ya ga ƙwayar bakinsa. In kana so ka shiga layi, in ba ka so ka ba ni wuri."

Bai shiga layi ba. Ya gyara zoben makullansa, ya fita.

Ta juya ga yaran, sun yi tsuru-tsuru. Ta ɗauki dasta ta goge da'irar da ke allo, ta yi ta gogewa har bayan ta ɓace.

"Ku saurare ni. Abin da na koya muku ba daidai ba ne. Ba da gangan na yi ba, amma ba daidai ba ne, kuma ba zan ɗora wa littafi ba, ni ce. Kowa ya ja layi a kan zanensa. Kada ya yage, ya rubuta 'iska' a ƙasa don ya gane ta in ya sake ganinta."

Ta ɗauki alli za ta zana ta gaskiyar, hannun ya ƙi. Sau biyu tana farawa yana zagayewa da kansa. Ta yi tsaki ta goge.

"Gardama, zo nan."

Yarinyar ta taso a tsorace, ta ɗauka hukunci ne.

"Karɓi allin. Zana abin da kika gani."

Gardama ta zana wani karkataccen abu mai kusurwoyi, da ɗigo can wajen gefe. Mummunan zane ne, allon nan bai taɓa ganin irinsa ba. Malama ta je ta zauna a bencin yarinyar, ta buɗe littafin darasinta wanda ya tsufa har ya yi laushi, ta kwafe shi a hankali.

Aka sake layi. Gilasan goma sha biyu ne, ana wankewa ana sakewa. Kowa ya kankaro nasa da tsinkensa, ya kwantar da murfi ta gefe, kuma ba mai tashi sai ya faɗa mata da bakinsa kusurwa nawa tasa take da su, cibiyar tana ina. Wanda ya yi saurin cewa "na gani" sai ta mai da shi baya. Ba su gama ranar ba. Sauran kwanakinta a kan wannan suka ƙare, da lokacin hutun cin abinci, da bayan an tashi, har darasin malamin lissafi ta ƙwace sau biyu bai ce uffan ba. Tsanin nan na nama da gaɓa da tsari a gurguje ta hau shi a kwana biyun ƙarshe. Amma da ta ce irin waɗannan ne suka shimfiɗu suka lulluɓe cikin baki har maƙogwaro, ta ga yara suna sa harshe suna shafa kumatu ta ciki. Sittin da huɗun duka suka gani, ba a bar ko ɗaya ba.

Ranar da ta ajiye alli, da yamma, babbar 'yarta ta zo yi mata murna. Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Malama ba ta amsa gaisuwar ba.

"Yaushe kika sani?"

'Yar ba ta tambayi me ba. "Makon farko da muka shiga ɗakin gwaji a makarantar koyon aikin asibiti. Na zana da'irarki, malamin ya ɗaga littafina ya nuna wa aji."

"Shekara nawa ke nan?"

"Takwas."

"Takwas! Muna cin abinci tare, kina ganina kullum ina fita da alli, kika ja bakinki kika yi shiru? Kin san yara nawa suka bi ta hannuna a shekara takwas?"

"Umma, ta ina zan fara? Duk garin nan da sunan ake kiranki. Na sha zuwa da niyya, in na zauna sai in kasa. Kuma tsakani da Allah, Umma, wa ya isa ya ce miki ba ki gani ba?"

Malama ta buɗe baki za ta wanke ta tas, sai ta tuna amsar da ta ba ta ranar da ta kawo rinin. Ta zauna a kan kujera da zanin gado a hannu. Mijinta yana gefe yana goge ɗan gilashinsa, ranar ko ba'ar bai yi ba.

Sau biyu ta rubuta wa shugaba a shafe zanen bango. Ya ce sai takarda ta zo daga sama. Da'irar tana nan har yau, tsayin mutum, tana kallon titi.

Ita kuwa Malama ritayar ba ta zaunar da ita ba. Tsohon littafin darasin yana cikin jakarta ko kasuwa za ta. Duk wanda ya hango ta ya ɗaga hannu ya zagaya a iska, to ya saya wa kansa tsayuwa, ko mai gemu ne, ko mai goyo, ko da kayan aiki a jikinsa. Mijinta ya ce a ƙiyasinsa sun haura dubu huɗu, kuma a yadda take tafiya sai ta shekara ɗari da hamsin. Ta ce ba ta tambaye shi ba.

Makon jiya wani direban motar haya ya taka birki a tsakiyar titi, ya leƙo ta taga baki har kunne.

"Malama Da'ira! Ba ki gane ni ba? Ni ne na bencin baya!"

"Na gane ka. Kashe motar."

"Malama, da fasinja a ciki."

"Su ma su ji. Ka tuna abin da na zana muku a allo na ce ita ce ƙwayar halitta?"

"Wa zai manta? Har ɗana na koya wa."

Motocin baya suna ta danna hon, ita kuwa ta riga ta buɗe littafin a kan tagarsa.